Wata Na Biyar: Lokacin Duba Zuciyar Ɗan Da Ke Ciki

A ƙofar ɗakin ekografi, ko a cikin garin Maraɗi ko a Tasawa ko a Dakwaro, tambaya biyu ce ke yawo a bakin mata da masu rakiyarsu: "Madam, mace ce ko namiji?" sai kuma "Ya kwanta daidai?" Kowace tana da wurinta. Amma akwai ta uku da ta fi su nauyi, wadda da wuya ka ji wani ya yi: "An duba ginin zuciyarsa?" Takardar da ake miƙo wa mai ciki galibi layi ɗaya ne a cikinta game da zuciya, da Faransanci, cewa tana bugawa, wani lokaci da lamba a gefe, 140 ko 150. A karanta a ce alhamdu lillahi, zuciya lafiya lau. To, bugu daban, gini daban. Zuciyar da ɗakinta guda bai ginu ba, ko wadda manyan jijiyoyinta suka yi musayar wuri, tana buga 145 a minti tsaf, ba tsallake ba gargada, har ranar haihuwa.

A cikin jarirai dubu da ake haifa, 8 zuwa 9 suna zuwa da wata tawaya a ginin zuciya, kuma babu tawayar haihuwa da ta kai wannan yawa. Akasari masu sauƙi ne, ƴar huda a bango wadda sau da yawa take toshewa da kanta. Amma kusan ɗaya cikin huɗu masu tsanani ne, irin waɗanda sai an yi wa jariri aiki kafin ya cika shekara. Matarniten da ke karɓar haihuwa dubu a shekara, ke nan, tana ganin irin waɗannan kusan biyu, an gane su ko ba a gane ba. Abin da ya sa dubawar ta zama ta kowace mai ciki shi ne, mafi yawan yaran nan iyayensu ba su da wata alamar haɗari. Uwa lafiyayya, uba lafiyayye, yayye duk garau.

Zuciya ce gaɓar da ke riga kowace fara aiki. Kamar kwana 22 da shigar ciki take fara motsi, kuma kafin a cika mako 10 daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, an gama raba ɗakunanta da jera jijiyoyinta. Lokacin da mace ke raɗa wa ƙawarta cewa ta yi ɓatan wata biyu, ginin ya kusa ƙarewa. Ganinsa da kyau ne sai an jira ta ƙara girma. Ƙungiyar ƙwararrun ekografin masu ciki ta duniya, ISUOG, ta tsayar da mako 18 zuwa 22 a matsayin lokacin da ya fi dacewa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tun 2016 ta ce a yi wa kowace mai ciki ekografi aƙalla sau ɗaya kafin mako 24. A mako 20 zuciyar ba ta wuce ƙwallon aduwa ba, babbar jijiyar da ke fita daga cikinta kuma kaurinta kamar milimita 3 ne, ƙwayar dawa ke nan. Duk da ƙanƙantar, a wannan lokacin haƙarƙarin yaro bai yi tauri ba, ruwan da yake ciki isasshe ne, yana juyawa yadda yake so. Da an wuce mako 28 zuwa 30 sai ƙasusuwa su fara jefa inuwa a kan hoto, yaro ya matsu, sau da yawa ya kifa ciki ya juyo wa na'ura baya.

Mata ba sa lissafi da mako, don haka a sauƙaƙe: wata na biyar ne. Alama biyu ke nuna an iso. Uwa ta fara jin motsi sosai, kuma saman mahaifa ya kai cibiya idan sajifam ta taɓa. A nan ne matsalarmu take. Kunya tana sa a ɓoye ciki, musamman na fari, har sai zane ya kasa rufe shi, a je awon farko a wata shida ko bakwai. Wasu kuma suna ajiye kuɗin ekografi sai wata tara, don a ga kwanciya. Kwanciyar yaro hannun sajifam ma yana gane ta. Idan ƙarfin gida na hoto ɗaya ne tak, a kashe kuɗin a wata na biyar, tun ran gini tun ran zane. Maigida da uwar miji su ne ke iya sauƙaƙa wannan, domin amaryar da ke jin nauyin furta cewa tana da ciki ba za ta nemi kuɗin mota da bakinta ba. Wadda lokacin ya riga ya wuce mata kuwa, ta je duk da haka. Ana gani, sai dai da wahala.

Me ya sa yaro mai mummunar tawaya yake girma sumul a ciki, a haife shi da nauyinsa, ya yi kuka, ya kama nono? Domin ɗan tayi ba da huhu yake rayuwa ba, mabiyiya ce ke ba shi iska ta cibiya. Saboda haka jininsa yana da ɓarauniyar hanya biyu da yake kauce wa huhu ta cikinsu: wata taga a bangon da ke tsakanin ɗakunan sama, da wata ƴar gada da ta haɗa jijiyar huhu da babbar jijiyar jiki, wadda likitoci ke kira kanal. Muddin hanyoyin nan suna buɗe, ɓangaren zuciya ɗaya yana iya ɗaukar aikin ɗayan. Da an haihu huhu ya buɗe, sai gadar ta fara tsukewa, galibi ta rufe cikin kwana ɗaya zuwa uku, a wasu ta ɗan daɗe. Ga lafiyayyen jariri wannan shi ne daidai. Ga wanda hagun zuciyarsa bai ginu ba, ko ƙofar jijiyar huhunsa a toshe take, ko jijiyoyinsa sun yi musaya, gadar nan ce igiyar ransa.

Shi ya sa labarin yake zuwa iri ɗaya. An haihu ranar Laraba, an koma gida, ƴan barka suna ta shigowa. Ranar Asabar jariri ya fara sakin nono, numfashi sama-sama, tafin ƙafa sanyi ƙalau, leɓe ya yi toka-toka. An riga an ɗaure rago a tsakar gida, an raba goro. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sanyi ya shige shi. A asibiti ma kamarsa ɗaya da jaririn da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa, a sa masa allurar kashe su, kuma yin hakan daidai ne, sai dai idan ba wanda ya tuna da zuciya, allurar ba za ta buɗe gadar da ke rufewa ba. Wannan makon, tsakanin haihuwa da suna, shi ekografin wata na biyar yake son ya riga.

Dubawar kanta yanka biyar ce na hoto, ba na wuƙa ba, ana farawa daga cikin yaro ana hawa zuwa wuyansa, kamar mai yanka albasa zobe-zobe. Na farko a kan tumbi yake, kuma kafin komai sai mai dubawa ya tabbatar ina ne hagun yaron, ta hanyar duba inda kansa yake da inda ƙashin bayansa ya fuskanta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga tumbi da zuciya a gefe guda a ce ai nan ne hagu. Suna iya kasancewa duka a dama. Idan kuwa tumbi yana gefe zuciya tana wani gefen, wannan kaɗai ya isa a tura mai ciki gaba, domin yawanci yana tafe da tawaya mai sarƙaƙiya.

Yanka na biyu shi ne na ɗakuna huɗu, kuma nan ake daɗewa. Yankan ya yi daidai idan ana ganin haƙarƙari guda cikakke a kowane gefe. In ana ganin guntaye da yawa, an karkace, duk abin da aka auna ƙarya ne. Zuciya ta cika kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙirji, tsininta ya nufi hagu da kusurwar digiri 45, da rangwamen 20 sama ko ƙasa. Ɗakunan sama biyu su yi kusan girma ɗaya, na ƙasa ma haka, kuma dukansu suna matsewa da ƙarfi. Ɗakin ƙasa na dama shi ne ya fi kusa da gaban ƙirji, ana gane shi da wani zaren tsoka da ya gitta kusa da tsininsa. Ɗakin sama na hagu shi ne kusa da ƙashin baya, a cikinsa ake ganin marfin tagar nan yana kaɗawa, kuma a nemi aƙalla jijiya biyu da ke shigo masa da jini daga huhu. A tsakiya, inda bangaye suka haɗu da ƙofofi biyu, akwai abin da ido mara horo ba ya kamawa: ƙofar dama takan zauna ƙasa kaɗan da ta hagu, kamar matakala ɗaya. Idan sun jeru a layi guda ɗoɗar, ko ƙofa ɗaya ce babba a tsakiya, tawaya ce da ke yawan tafiya tare da tirizomi 21, wato larurar ƙwayoyin halitta da ake haifar yaro da ita, mai jinkirta girmansa da koyonsa, kuma kusan rabin yaran da ke da tirizomi 21 suna da matsalar zuciya. Bangon da ke tsakanin ɗakunan ƙasa kuwa a dube shi ta gefe. In an hango shi daga tsini, samansa siriri ne, yakan ɓace a hoto ya yi kamar huda alhali ba huda. An tayar wa iyaye da yawa hankali a kan wannan hudar ta ƙarya.

Da yawa a nan suke tsayawa su rubuta cewa ɗakuna huɗu lafiya, kuma a nan ne ake asarar yaran da aka fi iya ceto. Jaririn da jijiyoyinsa suka yi musaya ɗakunansa huɗu cif suke, kyawawa. Haka mafi yawan masu ciwon Falo, wata tawayar ginin zuciya da likitan Marsai ta Faransa, Etienne Fallot, ya bayyana a 1888. Sai an ɗan karkata kan na'ura sama, yanka na uku da na huɗu, a ga inda jijiyoyin ke fita. Babbar jijiyar jiki ta fito daga ɗakin hagu, bangonta na gaba ya zarce da bangon tsakiya ba yankewa. In ta hau bisa bangon kamar mahayi a kan jaki, da huda a ƙarƙashinta, a yi zaton Falo. Jijiyar huhu ta fito daga ɗakin dama ta gitta ta farko kamar bakin almakashi. Gittawar nan ita ce magana. Idan jijiyoyin biyu sun tashi a jere kamar karan dawa biyu, ba su gitta juna ba, a ɗauka musaya ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Kada a ba jijiya suna saboda ɗakin da ta fito. A bi ta a ga yadda ta rabu. Wadda ta rabu biyu nan da nan ta huhu ce, wadda ta lanƙwasa ta aika rassa zuwa kai ita ce ta jiki.

Yanka na biyar yana can sama, inda ake ganin jijiyoyi uku da maƙogwaro. Daga hagu zuwa dama: jijiyar huhu, babbar jijiyar jiki, sai jijiyar da ke dawo da jini daga kai, kowace ta fi ta damanta girma kaɗan. Biyun farko suna haɗuwa kamar bakin ƙota a hagun maƙogwaro. In an kunna launi, saitin na'ura da ke nuna tafiyar jini da ja ko shuɗi, su yi launi ɗaya, wato jini yana tafiya gefe guda. Ɗaya ja ɗaya shuɗi yana nufin jini yana komowa da baya ta gadar nan, kuma wannan shi ne yaron da zai rikice kafin suna. Jijiya biyu a maimakon uku, ko ta tsakiya ta zama ƴar siririya, duk dalili ne na turawa gaba. Ga hannun da ya saba, yankan biyar ba ya cin fiye da mintoci kaɗan idan yaro ya kwanta da kyau. Sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Galibi ba tsufan na'ura ke hana gani ba, saiti ne. Ana duba zuciya da saitin da aka auna kai da cinya, sai ta fito ƴar mitsitsiya a tsakiyar allo tana rawa. A koma saitin zuciyar ɗan tayi, a rage zurfi, a tsuke faɗin hoto, a bar wurin mayar da hankali guda ɗaya daidai kan zuciya, a ƙara girma har ta cika kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin allo. Abin da ke buga sau 140 a minti yana buƙatar hoto mai sauri, kuma tsuke faɗin ne ke kawo saurin. A tsayar da hoton, a dawo da shi baya sannu-sannu, a ga buɗewa da rufewar kowace ƙofa. Ma'aunin launi ya zauna wajen santimita 50 zuwa 70 a daƙiƙa don ɗakuna da manyan jijiyoyi, a sauke shi ƙasa don jijiyoyin da ke dawowa daga huhu. Ekografi sauti ne, babu haskakawar rediyo a cikinsa, amma lambar zafi da ke gefen allo, TI, kada ta wuce 1, kuma kada a bar launi a kunne ba dalili, musamman a farkon ciki.

Sauran cikas daga jiki suke: ƙiba, tabon tsohuwar sezariyen, ƙari a mahaifa, ƙarancin ruwa ko yawansa, ko yaro ya ba da baya. Maganin na ƙarshen nan sauƙi gare shi. Uwa ta juya ta kwanta ta gefe, ko ta fita ta zazzaga minti 20 ta dawo. Ranar hoto gara kada ta shafa man kaɗe ko wani mai a ciki. Idan an yi duk wannan ba a gani ba, ko kuran ya ɗauke ana tsaka da aiki, ko layi ya yi tsawo har aka gaggauta, gaskiya ita ce a rubuta cewa ba a ga zuciya da kyau ba, a ba ta ranar dawowa bayan mako ɗaya ko biyu. Rubuta "lafiya" a kan abin da ba a gani ba ya fi rashin yin hoton muni, domin takardar za ta kwantar da hankalin duk wanda zai karɓi haihuwar. Mai ciki tana da haƙƙin tambaya: "Madam, kin ga ɗakuna huɗu? Kin ga jijiyoyin sun gitta juna?" Mai aikin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Akwai matan da dubawar kowa da kowa ba ta ishe su ba, sai cikakken ekografin zuciyar ɗan tayi a hannun ƙwararre, wanda yakan ci rabin awa ko fiye. Ta farko ita ce mai ciwon suga tun kafin ciki, domin sugan da ya hau a makonnin farko yana ninka haɗarin sau uku ko fiye. Duk wadda awon jininta da safe kafin cin abinci ya kai giram 1,26 a lita ta daidaita shi tun kafin ta ɗauki ciki. Sai wadda ita kanta, ko mijinta, ko wani ɗan da ta haifa yake da tawayar zuciya. Bayan ɗa guda mai tawaya, haɗarin na gaba kamar 2 zuwa 3 ne cikin ɗari, wato 97 lafiya suke zuwa, kada tsoro ya hana ta barci. Wadda ta rasa jariri a makon farko ba a san dalili ba, ta faɗa a awo ko ba a tambaye ta ba. Auren zumunci na kusa yana ɗan ƙara haɗarin, kuma faɗarsa ga sajifam ba aibata kowa ba ne. Akwai tagwaye masu mabiyiya ɗaya, da wadda ta yi zazzaɓi da ƙuraje irin na rubeyol a watanni ukun farko, da mai ciwon lufus, ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mai shi, wadda jininta kan iya lalata wayar bugun zuciyar yaro tsakanin mako 18 zuwa 24. Haka idan an yi hoto a mako 11 zuwa 13 aka ga ruwan da ke ƙeyar yaro ya kai milimita 3 da rabi.

Batun magunguna ya cancanci a tsaya a kansa. Maganin farfaɗiya mai suna Dépakine, da wasu magungunan tansiyo irin kaftofiril da enalafiril, ba su dace da ciki ba, amma kada mace ta yanke su da kanta. Farfaɗiya a kan ciki tana kisa. Likita ne zai sauya mata wani. Wanda ya fi yawa a hannun mutane shi ne ibufurofen da diklofenak, da ake saye a tiren mai talla don ciwon baya da ciwon haƙori. Daga wata na shida zuwa haihuwa an hana su kwata-kwata, domin suna tsuke gadar nan tun yaro yana ciki, su kumbura masa ɓangaren dama na zuciya, su taɓa ƙodarsa. Farasetamol a kan ƙa'ida shi ne madadin.

Abu biyu kuma suna firgita mutane a banza. Farin ɗigo mai haske a cikin ɗakin hagu ana ganinsa a cikin lafiyayyun yara da yawa, ba huda ba ne, ba ya hana zuciya aiki, kuma in ba wani abu tare da shi ba ya buƙatar magani. Tsallaken bugu jefi-jefi ma yawanci yana wucewa da kansa, a dai riƙa saurarawa a kowane awo. Bugun da ke tsakanin 120 da 160 shi ne daidai, kuma yakan sauka na ɗan lokaci idan an danna ciki da ƙarfi, ya dawo da an sassauta. Wanda ake tsoro shi ne ya zauna ƙasa da 110, ko ya zauna sama da 180. Mai gudun 220 zuwa sama yana gajiyar da zuciya har ruwa ya taru a jikin yaro, kuma wannan ana maganinsa tun a ciki: uwa ce ke shan magani irin digoksin a ƙarƙashin kulawar likitan zuciya, ya ratsa ta mabiyiya ya isa ga ɗanta.

Idan an ga abin da ba daidai ba, matakin farko shi ne ido na biyu, a Maraɗi in akwai ƙwararre, ko a Yamai, tare da duba sauran jikin yaron kaf, domin tawayar zuciya takan zo da abokiyar tafiya. A zaunar da mace da mijinta tare, a zana musu a takarda, kuma a faɗa a fili cewa ba laifinta ba ne, ba daka ba ce, ba ɗaukar ruwa ba ne, ba abin da ta ci ba ne. In ba a faɗa a gaban miji ba, ita za a ɗora wa a gida. Daga nan hanya ta rabu uku. Ƙaramar huda ba ta sauya komai, a haihu kamar kowa, a sake dubawa bayan haihuwa. Irin su Falo da babbar huda sukan ba da watanni kafin aiki, kuma watannin nan dukiya ne ga iyalin da za su haɗa takardu. Akwai cibiyar Cuomo a Dakar da aka buɗe a 2017, da cibiyar André Festoc a Bamako tun 2018, akwai kuma ƙungiyoyi irin Mécénat Chirurgie Cardiaque da La Chaîne de l'Espoir da ke taimaka wa yaran Afirka su samu aikin zuciya. Ta hannun likitan yara ko na zuciya ake bi, da cikakken rahoto.

Kashi na uku su ne masu dogaro da gada, kuma a kansu wurin haihuwa shi ne komai. Al'adar goyon ciki, inda mai cikin fari ke komawa gidan iyayenta a ƙauye ta haihu, a nan dole a ɗage ta, kuma a yi wa iyayen bayani da girmamawa tun da wuri. Ta haihu inda akwai sashen jarirai da likitan yara, kusa da mako 39, ba a janyo haihuwa da wuri ba, domin bakwaini mai ciwon zuciya wahala biyu ce. Tawayar zuciya ita kaɗai ba dalilin sezariyen ba ce a mafi yawan lokuta. Maganin da ke riƙe gadar a buɗe shi ne furostagilandin, ana ajiye shi a firigo, ana ba da shi ta jijiya ba yankewa, daga mikirogiram 0,01 zuwa 0,05 a kowane kilo a minti, kuma yakan sa jariri ya ɗauke numfashi, don haka sai da kayan taimakon numfashi a kusa. A tambaya tun ciki yana wata shida ko ana samunsa, da kuma ina za a kai yaron bayan nan. Ma'aikata su tuna cewa yawan oksijen yana gaggauta rufe gadar; a irin waɗannan yara awon iskar jini na 75 zuwa 85 cikin ɗari ake nema. Musayar jijiyoyi ana gyara ta da aiki guda a makonni biyun farko, aikin da Adib Jatene ya fara yin nasararsa a Barazil a 1975, kuma yaran sukan girma su yi rayuwa kamar kowa. Rashin ginuwar hagun zuciya kuwa aiki uku yake buƙata a jere, ko a ƙasashe masu arziki da wuya. Iyaye sun cancanci a gaya musu wannan ba rufa-rufa, a kuma tsaya tare da su, jariri ya samu ɗumi da nono da jikin uwarsa iya kwanakin da Allah ya ba shi.

Ko hannun da ya fi kowa ƙwarewa ba ya ganin komai. Ƙananan hudoji suna ɓuya, tsukewar babbar jijiyar jiki takan bayyana ne sai gadar ta rufe, wasu ƙofofin kuma a hankali suke ƙara matsewa bayan wata na biyar. Saboda haka akwai gwaji na biyu bayan haihuwa, da ƴar na'urar nan mai jan haske da ke auna iskar jini, amma da maƙalar da aka yi don jarirai. Bayan awa 24, a auna hannun dama da ƙafa ɗaya. Idan duka sun kai 95 kuma tazararsu ba ta wuce 3 ba, ya ci gwajin. Ƙasa da 90 a ko'ina, a tura shi nan take. Tsakanin 90 da 94, ko tazara ta wuce 3, a sake bayan awa ɗaya, in bai gyaru ba a tura. Ƙafa mai sanyi ko jariri mai kuka suna ba da lambar ƙarya, a ɗumama shi a jira ya natsu. In za a sallame su kafin awa 24, a auna kafin su fita, a sake a ranar dawowa. A kuma taɓa bugun jijiya a matsematsin cinyoyi biyu. In babu shi ko ya yi rauni alhali na hannu da ƙarfi, a yi zaton zuciya ce.

A gida kuwa, uwa da kaka su ne na'ura. A baƙar fata ba a ganin shuɗi a kumatu, sai a buɗe baki a duba harshe da dasashi a hasken rana. A ƙirga numfashi minti guda cur yana barci: fiye da 60 ya yi yawa. A lura da shan nono, jaririn da ke tsotsa kaɗan ya saki yana haki, gumi ya tsattsafo masa a goshi ko da sanyin asuba, ya koma ya sake saki. Wanda aka ga haka gare shi ba a jiran gari ya waye, ba a jiran a gama suna. A ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su da zane, in ba ya iya tsotsa a tatsa a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, a ɗauki karnen awo da takardar ekografi, kuma mutum na farko da aka tarar a ƙofar asibiti a ce masa a auna iskar jinin yaron a hannun dama da ƙafa.